Bankin Shara: Shawara Ga Bagudo Da Maƙwabtanta

Duk wanda ya ratsa kasuwannin Bagudo, Tsamiya ko Lolo bayan an watse, abin da zai fara yi masa maraba shi ne leda. Iska ta kwashe ta zuwa gonaki, ruwan sama ya tura ta Kogin Kwara, wadda ta saura kuma dabbobi su haɗiye. Tambayi mahauta abin da sukan tarar a tumbin saniyar da ta rame ba ciwo.

Maƙwabtanmu sun gwada maganin doka. Jamhuriyar Nijar ta haramta ledar da ba ta ruɓewa a 2014, Jamhuriyar Benin ta bi sahu a 2017. Sai dai har yau leda ba ta bar kasuwanninsu ba, domin takardar doka ba ta tsince abin da aka riga aka yar.

A Indonesiya wata hanya aka bi. A shekarar 2008 wani malamin kiwon lafiya, Bambang Suwerda, ya kafa bankin shara a yankin Bantul. Uwargida ta ware robobi, gwangwani da kwali, a auna a sikeli, a rubuta mata kuɗinsu a littafin ajiya, bankin ya tara ya sayar wa masu sarrafawa. A Legas ma kamfanin Wecyclers ya soma makamancin haka a 2012.

Shin wannan baƙon abu ne a wurinmu? Ko kusa. Muna da 'yan jari-bola, matanmu kuma sun gaji adashi tun kaka da kakanni. Bankin shara auren waɗannan biyun ne kawai.

Amma kada mu yaudari kanmu. Leda ba ta da nauyi, kuɗinta kaɗan ne, masana'antun da ke narka ta kuma suna can irin su Kano. Tarin unguwa guda ba zai biya kuɗin mota ba. Sai Illo, Ka'oje, Zagga da Bagudo sun haɗa kayansu a rumbu ɗaya, ribar ƙarfe da goran roba ta ɗauki nauyin leda.

Abin da ake bukata daga ƙaramar hukuma bai taka kara ya karya ba: fili, sikeli na gaskiya da amintaccen ma'aji. Hakimai da limamai su yi jagora, a kuma ja 'yan jari-bola a jiki, kada a raba su da abincinsu. Ranar da aka ci amanar littafin uwargida ɗaya, ranar bankin ya mutu.