Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba Ne

Kowane malamin makaranta ya san abin da kan faru idan ya tambayi yaransa irin aikin da su ke so su yi bayan sun gama karatu. Wannan ya ce likita, wancan ya ce matuƙin jirgin sama, na can baya kuwa ya miƙe ya ce shi ba abin da ya ke so sai buga ƙwallo a Ingila. Da wuya a sami wanda zai ce yana so ya zama magini, ko malamin gona, ko ma malamin makaranta irin wanda ke yi masa tambayar. To, a nan ne malami ke shiga tsaka mai wuya. In ya yi wa yaro dariya ya kashe masa zuciya, in kuwa ya yi ta yi masa kirari ba tare da ya nuna masa nisan tafiyar ba, lalle ya cuce shi.

Da farko dai kada kowa ya ce dogon buri laifi ne. A farkon zuwan ilmin boko ƙasar nan, wanda duk ya ce ɗan Arewa zai zama likita sai a ɗauka zancen banza ya ke yi. Amma Dakta Barau Dikko, wanda aka haifa a 1912, ya tashi daga Wusasa ya yi karatu a Ikko, sa'an nan ya haye Birmingham a Ingila ya koyi aikin likita, ya komo ya kama aikin gwamnati a 1940. Shi ne likita na farko daga Arewa, ga shi kuma har an sa wa babban asibiti sunansa a Kaduna. Da ya bi maganar masu cewa abin ya fi ƙarfinsa, da ba mu san shi ba. Sai dai a lura, bai yi tsalle daga Wusasa ya dira Birmingham ba. Makaranta bayan makaranta ya bi, shekara da shekaru yana cin jarrabawa.

Abin da ya kamata malami ya fara dubawa ke nan, watau ko burin nan yana da matakala. Aikin likita yana da ita, kuma kowa na iya ƙirga matakanta. Tilas yaro ya ci Turanci da lissafi da darussan kimiyya uku, ya ci jarrabawar shiga jami'a, ya yi shekara 6 yana karatu, sa'an nan ya yi shekara guda yana aiki ƙarƙashin manyan likitoci kafin a sake masa hannu. Tuƙin jirgin sama ma haka ne. Tun 1964 aka kafa makarantar koyon aikin jiragen sama a Zariya, amma mai son tuƙi sai likita ya gwada idonsa da kunnensa da zuciyarsa, ga kuɗin koyo masu nauyin gaske. Yaron da lissafi ke ba shi kashi tun aji ɗaya, ko wanda idonsa bai rarrabe ja da kore, gara a gaya masa tun da wuri, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Sha'anin ƙwallo shi ya fi wuyar aunawa, don kuwa babu takardar shaidar da ke kai mutum ciki. Samari su kan kafa hujja da Ahmed Musa, kuma gaskiyarsu. Ya buga wa Kano Pillars, ya fi kowa cin ƙwallo a gasar Nijeriya a 2010, ya tafi Holan, ya koma Rasha a 2012, ya shiga Leicester ta Ingila a 2016, ya ci wa Nijeriya ƙwallo biyu a gasar duniya ta 2014, ya ƙara biyu a ta 2018. Amma a tuna mutum 11 ne kurum ke shiga fili a kowace ƙungiya, alhali ba unguwar da za ka shiga da la'asar ba ka tarar da yara cike da fili ba. Wanda ya dace ma, ƙarfinsa kan soma ja da baya yana ɗan shekara 30 da ɗoriya, targaɗe ɗaya a gwiwa kuwa ya isa ya gama da shi tun bai kai nan ba.

A nan ne 'yan damfara ke samun abinci. Wani ya zo da takardu masu hatimi, ya ce zai kai yaro gwaji Turai. Uba ya sayar da gona ko shanu ya biya, a ƙarshe a yar da yaron a baƙuwar ƙasa, ba ƙungiya, ba kuɗin komowa, ga kunyar dawowa hannu rabbana. Ya kamata malamai su san cewa tun 2001 hukumar ƙwallo ta duniya, FIFA, ta hana a ɗauki yaron da bai kai shekara 18 ba daga ƙasarsa zuwa ƙungiyar wata ƙasa, sai bisa 'yan sharuɗɗa ƙalilan. Saboda haka wanda ya ce zai kai ɗan shekara 15 Turai ya buga ƙwallo, a bincike shi da kyau kafin a ba shi ko anini.

To, mene ne abin yi? Mu dubi Alhaji Abubakar Imam. Ya gama Kwalejin Katsina ya kama koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. Da aka sa gasar rubuta littattafan Hausa a 1933, bai ajiye alli ya ce shi ya zama marubuci ba. Yana kan aikinsa ya rubuta Ruwan Bagaja. Da gwanintarsa ta bayyana aka kira shi Zariya, inda ya rubuta Magana Jari Ce, daga bisani ya zama edita na Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Abubakar Tafawa Ɓalewa ma yana malamin makaranta ya rubuta Shaihu Umar don wannan gasa. Dukansu ba wanda ya saki reshe ya kama ganye. Sun riƙe aikin da ke ciyar da su, suna gwada burinsu a gefe, har duniya da kanta ta shaida.

Akwai kuma abin da yara ba su sani ba sai an nuna musu: kowane babban aiki yana da maƙwabta. Makarantar nan ta Zariya, ban da matuƙa, tana horad da injiniyoyin jirgi da masu ba jirage umarnin sauka da tashi. Asibiti kuwa ba ya tafiya da likita shi kaɗai, sai da masu jinya da ungozoma da masu haɗa magani da masu awon jini. Filin ƙwallo yana bukatar mai horarwa da alƙalin wasa. Yaron da ƙofa ɗaya ta rufe masa, in an nuna masa ta kusa da ita, zai rayu cikin sha'anin da ya ke so, ya kuma ci abinci da mutunci.

Saboda haka, ya ku malamai da ma'aikatan ofis da yara ke zuwa neman shawara gare ku, in yaro ya faɗi burinsa, ku zaunar da shi ku yi lissafi tare. Waɗanne darussa a ke bukata, kuma yaya makinsa ya ke a cikinsu? Shekara nawa za a yi, nawa za a kashe, wa zai biya? In abin bai yiwu ba nan da shekara biyu ko uku, me zai koma wa? Wanda ya amsa waɗannan tambayoyi bai ja da baya ba, ku tsaya masa da iyakar ƙarfinku, ku nema masa hanyar tallafin karatu, watakila shi ne Barau Dikko na garinku. Wanda kuwa ya kasa amsa ko ɗaya, ku karkata shi da lallashi tun gonar ubansa tana nan. Allah ya sa mu dace, amin.