Na'urar MRI da Ciwon Kumburin Hanji: Lissafin da Ke Gaban Masu Zuba Jari

YOLA — Ciwon kumburin hanji, irin su cutar Crohn, yakan lafa ya kuma tashi. Saboda haka likitoci ke auna ƙarfinsa a kai a kai da na'urar MRI.

Majiyyaci yakan sha kimanin lita ɗaya ta ruwan magani domin hanjinsa ya buɗe. Kaurin bangon hanji da ya wuce milimita 3 alama ce ta cuta. Hoton yana taimaka wa likita ya bambance kumburin da magani ke kwantarwa da tabon da ya matse hanji, wanda galibi sai an yi tiyata. Wannan yakan hana iyali kashe kuɗi a kan magani mai tsada da ba zai yi amfani ba.

Wani bincike a Birtaniya a 2018 ya nuna cewa MRI ta gano cutar a ƙaramin hanjin kashi 97 cikin 100 na masu ita, na'urar duban ɗan tayi kuwa kashi 92.

'Yan kasuwar Yola da Jimeta masu niyyar kafa cibiyar gwaji su lura cewa ɗawainiya ba ta ƙarewa a kuɗin saye. Manyan na'urorin suna buƙatar sinadarin heliyom da lantarki dare da rana, da kuma ƙwararren likitan karanta hoto.