Awon Ra'ayin 'Yan Makaranta Game da Karatun Littafi da Koyon Sana'a a Kankiya da Kusada

Tun da aka fito da manufar ilmi ta ƙasa a 1977, aka fara aiki da ita a 1982, yaron da ya gama ƙaramar sakandare hanya biyu ke gabansa: ko ya bi karatun littafi zuwa jami'a, ko kuwa ya shiga makarantar sana'a, irin ta Ingawa, maƙwabciyar Kankiya da Kusada. Masu bincike sukan so su san wadda yara suka fi so. Ma'aunin da suka fi amfani da shi shi ne wanda Rensis Likert, mutumin Amurka, ya tsara a 1932. Akan rubuta magana, yaro ya zaɓi ɗaya cikin matakai biyar, daga "na yarda ƙwarai" har zuwa "ban yarda ba sam".

To, ma'aunin nan yana da kyau, amma a ƙasar Hausa abu biyu kan karkatar da shi.

Na fari shi ne kalmar da aka yi tambaya da ita. M. G. Smith ya nuna a 1959 cewa Hausawa sun bambanta karda, watau sana'ar gado, da shigege, wadda mutum ya koya da kansa, kuma sana'o'in ba darajarsu ɗaya ba. Kadan aka ce da yaron Kusada "sana'ar hannu", watakila ƙira ko jima za su faɗo masa a rai, ya ce ba gadonsu ba ne. Amma in an ce gyaran lantarki ko gyaran mota, sai ka ji ya sake magana. Saboda haka wajibi ne a ambaci kowace sana'a da sunanta.

Na biyu shi ne kunya. Yaron da aka hora da ladabi ba ya son ya ce wa malaminsa "ban yarda ba". In malamin aji ne ya raba takardun, abin da yara suka zaci malam yana so shi za su rubuta. Maganin wannan shi ne baƙo ya raba, kada a rubuta suna, a kuma jirkita waɗansu tambayoyi, yadda mai amsa "na yarda" a ko'ina zai ƙaryata kansa.

Sa'an nan ya kamata a raba tambaya uku: abin da yaro ke so, da abin da mahaifinsa ke so, da abin da yake zato zai samu. Yarinyar Kankiya mai son shiga makarantar koyon aikin lafiya ta garinsu tana iya ba da amsa uku dabam dabam.

Wannan fa ba ƙaramin al'amari ba ne. Da irin awon nan hukuma kan san inda za ta gina makaranta. In mudu ya yi ƙarya, sai a gina ɗakin sana'a babu masu shiga, ko kuwa a hana shi ga masu bukata.