Nas Mai Riga Ruwan Ƙasa: Ina Take Aiki, Kuma Me Take Yi?

Duk wanda ya taɓa wucewa ta bakin wata makaranta ko ƙofar gidan Sarkin Zango da hantsi, a Nima ko Aboabo ko Sabon Zango, ba zai rasa ganin mata sun yi layi a kan benci da goyonsu ba, ga sikeli a rataye a reshen bishiya, ga wata 'yar budurwa cikin riga mai ruwan ƙasa tana duba littafi tana rubutu. Yawancinmu mun san ta da "nas ɗin awo", iyakarta ke nan. Wasu ma cewa suke yi ai ba cikakkiyar nas ba ce, tun da ba a ganin ta a ɗakin marasa lafiya na Korle Bu ko Komfo Anokye. Wannan raini ne ya sa na ga ya kamata mu ɗan tsaya a wannan wata mu duba aikin waɗannan bayin Allah, waɗanda gwamnati take kira nas-nas na lafiyar al'umma.

Bambancinta da nas ɗin asibiti a fili yake. Nas ɗin asibiti tana zaune ne mara lafiya ya zo ya same ta. Ita kuwa wannan an horar da ita ne ta fita ta sami mutane a inda suke zaune tun ciwo bai kwantar da su ba. Ƙasar Gana ta fara irin wannan horo tun farkon shekarun 1960, a makarantu irin na Tamale da Akim Oda da Ho, tun kafin taron Alma Ata na 1978 inda ƙasashen duniya suka amince cewa a kai kiwon lafiya matakin farko kusa da talaka. To amma shekara da shekaru sai aka riƙa ajiye su a ɗakunan shan magani na gunduma, suna zaune suna jiran mutanen da tsakaninsu da wurin tafiyar rabin yini ce. Mace mai goyo a ƙauye, ga aikin gona, ga ɗiban ruwa, yaushe za ta yi wannan tafiya don kawai a auna yaron da ta ga lafiyarsa ƙalau?

Canji ya taso ne daga Arewa. A shekarar 1994, Cibiyar Binciken Lafiya ta Navrongo, ƙarƙashin jagorancin Dokta Fred Binka, ta fara wani gwaji a ƙasar Kassena-Nankana. Aka fara zuwa wurin sarakuna da dattawa aka nemi izini da shawara. Mutanen gari suka yi gayya suka gina wa nas ɗaki da ƙasa irin nasu, aka ba ta babur da 'yan magunguna, aka ce ta zauna cikinsu ta riƙa bi gida-gida. Sakamakon da masu binciken suka bayar shi ne, a inda aka zaunar da nas, mutuwar ƙananan yara ta ragu da kamar rabi cikin shekara uku. Ba a kawo wata sabuwar na'ura ba, ba a gina babban asibiti ba. Gundumar Nkwanta ta gwada a 1998 ta ga abin yana aiki a wajen Navrongo ma, sai gwamnati ta mai da shi tsarin ƙasa baki ɗaya daga 1999. Shi ne tsarin CHPS, wanda jama'a suke cewa "cips". Bisa manufar da aka sabunta a 2016, kowane yanki na CHPS zai ƙunshi mutanen da ba su wuce 5,000 ba, ko gidaje 750, da nas ɗinsu da kwamitinsu da 'yan sa-kai.

A ƙauye dai, ita ce komai. Ita ce za ta gwada jinin yaro mai zazzaɓi ta ba shi maganin cizon sauro, ita za ta haɗa ruwan gishiri da sukari ga mai gudawa, ta wanke ciwo ta ɗaure, ta duba mai ciki ta ba ta maganin ƙarin jini da gidan sauro. Amma babban abin da aka koya mata shi ne ta san iyakarta, wato ta gane ciwon da ya fi ƙarfinta ta tura shi gaba da wuri. Yaron da yake numfashi da sauri, mai cikin da ƙafarta ta kumbura kanta yana sarawa, ko wanda wuyansa ya sandare a lokacin zafi da sanƙarau yake yawo a Wa da Bawku, duk waɗannan ba a tsayawa da su. Haka kuma ita ce idon gwamnati a kan annoba, domin rahoton da take aikawa gunduma shi ne yake fara nuna cewa wani ciwo ya ɓulla. Dattawan Salaga da Yendi ba su manta da kurkunu ba. A 1989 an ƙirga kusan mutum 180,000 da suka kamu a Gana. Na ƙarshe an same shi a 2010 a gundumar Savelugu-Nanton, kuma a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa ƙasar ta rabu da shi. 'Yan sa-kai na ƙauyuka da ma'aikatan lafiya masu yawo a ƙafa da babur ne suka yi wannan ɗawainiya, suna bin tafki-tafki suna koya wa mutane tace ruwa.

Mu mutanen zango, akasarinmu a birni muke, kuma a nan aikin nata ya ɗan sha bamban. Asibiti bai yi mana nisa ba; mutumin Nima da ƙafa ma zai je asibitin Mamobi. Matsalarmu cunkoso ce, da kwatoci, da ƙarancin bayan gida, da kuma yadda mata suke sammakon kasuwa ba sa dawowa sai magariba. Wanda ya ga kwalarar 2014, wadda ta kama fiye da mutum 28,000 a ƙasar nan, mafi yawansu a Akra da kewaye, ya san abin da ake nufi. Don haka nas ɗin birni takan bi mutane ne har inda suke nema: cikin kasuwa, tashar mota, harabar masallaci bayan an nemi iznin liman, da makarantu.

Batun makaranta kuwa, a nan ne mu malamai muke haɗuwa da su. Sukan zo su duba ɗalibai ido da haƙora da fata, su raba maganin tsutsar ciki, su kuma leƙa wurin masu sayar da abinci a bakin ƙofa. Sau da yawa yaron da ake ta duka a aji ana cewa daƙiƙi ne, sai nas ta gano ashe allo ne ba ya gani sosai. Abin da na lura shi ne makarantunmu na allo da na Islamiyya na yamma ba safai ake kai musu wannan ziyara ba, kuma ba duka laifin nas ba ne. Idan shugaban makaranta bai je ofishin lafiya na gunduma ya sa sunan makarantarsa ba, wa zai san da shi?

Bari mu koma kan awo, domin a nan ne gyara ya fi yawa. Ana haihuwar jariri za a yi masa allurar tarin fuka a ɗiga masa maganin shan-inna. Sai a mako na 6, da na 10, da na 14, a yi masa allurar nan mai kare ciwo biyar, cikinsu har da mashaƙo da tarin shiƙa da ciwon hanta, tare da na ciwon huhu da na gudawa waɗanda aka ƙaro a 2012. A wata na 9 sai ta ƙyanda da ta shawara. Iyaye mata suna ƙoƙari ƙwarai har zuwa nan. To amma da yaro ya fara tafiya, sai a jefa littafin a ƙarƙashin akwati, alhali kuwa akwai allurar ƙyanda ta biyu da ta sanƙarau a wata na 18, kuma awo da ɗigon sinadarin bitamin A ba sa ƙarewa sai yaro ya shekara 5. A tsakanin nan ne fa ake yaye, kuma a nan ne tamowa take kama yara, lokacin da aka koma ba su koko zalla. Layin da nas take ja a littafin nan shi ne yake nuna yaro ya daina ƙaruwa tun ido bai gani ba. Ita allurar rigakafi ta gwamnati kyauta ce.

Maza kuma fa? Yawancinmu ba mu taɓa buɗe littafin awon 'ya'yanmu ba. Nas za ta yi sallama a ƙofar gida, maigida ya ce "suna ciki", ya tashi ya bar wurin. Idan kuwa maganar tazarar haihuwa ta taso, sai a yi ta da matar ita kaɗai a ɓoye, daga baya ta zama rigima a gida. Abin da Navrongo ta nuna tun farko shi ne sai da aka zauna da maza a dandali aka yi maganar a fili sannan abin ya karɓu. Ba na cewa kowa sai ya yarda da duk abin da nas ta faɗa. Amma mutum ya zauna ya ji, ya yi tambaya, in akwai abin da ya shafi addini a kai wa malami. Ai ko hawan jininsa da sukarinsa ya samu an gwada masa.

Su ma nas-nas ɗin suna da nasu kuka, kuma ba a ɓoye yake ba: jinkirin ɗaukar aiki bayan gama makaranta, babur ba mai, ɗakin da yake yoyo, da firjin ajiye allura a garin da wuta take zuwa tana ɗaukewa. Wasu kuma suna da tsawa da gatsali, wannan gaskiya ce da matanmu suka sha faɗi, kuma mace da aka kunyata a gaban jama'a don ta makara ba lalle ta sake dawowa ba. Wani ɓangare na wannan matsala harshe ne. Tsohuwar da ta kawo jikanta ba ta jin Turanci, Asantancinta na ciniki ne kawai, nas kuma ba ta jin Hausa. Sai a kira wata yarinya ta yi tafinta a kan maganar da ba ta kamata yaro ya ji ba.

Maganin wannan yana hannunmu, domin 'ya'yanmu ne masu jin Hausa da Asantanci da Turanci gaba ɗaya. Ana ɗaukar waɗanda suka gama babbar sakandare suka ci Turanci da Lissafi da Kimiyya a jarrabawar WASSCE. Akwai karatun shekara 3 na difloma, kuma maza ma suna shiga. Ma'aikatar Lafiya ce take sayar da takardar neman shiga sau ɗaya a shekara, ana cikewa ta intanet, kuma makarantun suna nan a Tamale da Navrongo da Akim Oda da Winneba da Fomena da wasu garuruwa. Iyayen da 'yarsu take aji na ƙarshe su je wurin shugaban makarantarta tun yanzu su tambayi yadda makinta yake a Lissafi da Kimiyya, domin a waɗannan darussa biyu ne yawancin yaranmu suke faɗuwa.