Ista a Ƙauyukan Funtuwa da Malumfashi

Bikin Ista, wanda Kiristoci ke tuna mutuwar Yesu Almasihu da tashinsa, ba ya wuce tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. A ƙauyukan da ke tsakanin Funtuwa da Malumfashi wannan shi ne tsakiyar bazara: rana ta take, ruwan rijiya ya yi ƙasa, ana sharar gona ana kai takin gida, hatsin rumbu kuma ya ja baya. Kirsimeti kan zo ne bayan kaka, lokacin da kowa ke da abin yanka da abin ɗinki. Ista kuwa takan tarar da manomi yana lissafin buhun da zai kai shi ga sabuwar masara, shi ya sa ma'anarta a nan ta fi karkata ga taimakon juna fiye da shagali.

Kiristocin waɗannan ƙauyuka na Kafur da Bakori da Malumfashi Hausawa ne, galibinsu zuriyar Maguzawa da suka karɓi addinin a ƙarni na 20. Wasu ta hannun mishan ɗin SIM, wadda daga cikinta Ikkilisiyar ECWA ta fito a 1954, wasu kuma ta hannun limaman Katolika na ƙungiyar Dominika da suka zauna a Malumfashi. A 2023 aka ware Katsina daga Sakkwato ta zama dayosis mai zaman kanta, aka naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi, bishof ɗinta na farko. Da Hausa ake wa'azi, da Hausa ake waƙa, kuma ba abin mamaki ba ne a sami gida ɗaya wa Musulmi ƙane Kirista, gonarsu ta gado ɗaya.

Kafin Ista, Katolika da Angilika kan yi azumin kwana 40 da ke farawa ranar Larabar Toka. Koyarwar ita ce abin da mutum ya hana cikinsa ya kai wa wanda ba shi da shi. A birni wannan baiko kuɗi ne. A ƙauye yakan zo a kwano: mudun dawa, tiyar masara, ɗan wake, a tara a raba wa gwauraye da marayu da tsofaffin da 'ya'yansu suka tafi ci-rani. Zumuntar mata ce ƙashin bayan wannan aiki a kusan kowace majami'a, domin su ne suka san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba, kuma sun san yadda ake shigar da hatsi ba tare da an tona asirin maigida ba. A 2025 azumin watan Ramadan ya kama 1 ga Maris, Larabar Toka ta zo 5 ga wata, sai maƙwabta suka shafe makonni suna azumi tare, kowa bisa tafarkinsa.

Daren Alhamis na makon da ake shiga Ista ana tuna jibin ƙarshe, inda limamin Katolika kan durƙusa ya wanke ƙafafun wasu daga cikin jama'a, kamar yadda Linjila ta ce Yesu ya yi wa almajiransa. A ƙasar da talaka ya saba cire takalmi ya faɗi gaban babba, ganin babba a durƙushe gaban ƙafar manomi mai kaushi da faso ba ya bukatar dogon sharhi. Washegari, Juma'a Mai Kyau, ana karanta labarin shari'ar da Bilatus ya yi wa Yesu, inda ya ga babu laifi amma ya miƙa shi don gudun fushin jama'a. Masu wa'azi kan ɗauko zancen adalci daga nan, kuma misalai ba su da nisa. Akwai manomin da bashi ke tilasta wa sayar da masara da kaka a kasuwar Dandume kan araha, ya dawo da bazara ya saye ta da tsada. Akwai matar da dangin miji suka karɓe wa gona bayan rasuwarsa. Akwai kuma koken da Hausawa Kiristoci suka daɗe suna yi kan filin gina majami'a da gurbin aikin gwamnati a jihar da aka haifi kakanninsu.

Sai dai kalmar da ta fi nauyi a makon nan ita ce fansa. A majami'a ana kiran Yesu Mai Fansa, wanda ya ba da kansa don 'yantar da wasu. A bakin kasuwa kuwa fansa ta zama kuɗin da ake haɗa wa 'yan bindiga. A watan Mayun 2022 an sace limamai biyu daga cocin Katolika na Gidan Maikambo a ƙaramar hukumar Kafur, suka yi makonni a daji. A watan Agustan 2025 aka kai wa masu sallar Asuba hari a masallacin Unguwar Mantau ta Malumfashi, aka kashe mutane da dama. Bala'in bai tambayi addinin kowa ba, haka ma karo-karon ceto wanda aka kama: mai bin gida gida ba ya tsallake ƙofa don mai ita Musulmi ne ko Kirista. An sayar da shanun huɗa da gonaki masu yawa ta wannan hanya.

Ranar Lahadi ake buɗe baki da murna. A dafa shinkafa, wanda ya samu ya yanka kaza ko akuya, yara su yi ta kai kwanuka gidajen maƙwabta Musulmi, waɗanda su ma za su rama da tuwon sallah da naman layya. Litinin ranar hutu ce a duk Najeriya, matasa kan fita bayan gari wurin da ake kira Galili, a ci a yi wasa. Da zarar ruwan shuka ya sauka a watan Mayu ko farkon Yuni, matasan majami'a kan yi gayya, kuma gonar gwauruwa da ta marar lafiya na cikin waɗanda ake fara shiga.