Kuskure da Katsewa: Matsalar Fassara Saƙonnin Xlib zuwa Hausa

Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa kalmar "kuskure" kaɗai ba ta wadatar wajen fassara saƙonnin Xlib, wato taskar umarnin zana tagogin kwamfuta a tsarin X11, wanda MIT ta fitar a 1987. Tangarɗar iri biyu ce. Ta farko, manhaja ta nemi tagar da aka riga aka rushe, sai uwar garke mai kula da allo ta mayar da saƙon BadWindow. XSetErrorHandler kan tare shi, aiki ya ci gaba. Wannan shi ne kuskure. Ta biyu, alaƙa da uwar garke ta yanke, manhaja kuwa takan mutu. Wannan katsewa ce. Mafassarin da ya haɗe su zai sa mai gyara laluben laifi inda babu shi.