Dandalin Steemit: Gayya aka kira mu, watanda muka tarar

Hausawa na cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Duk wanda ya daɗe yana rubutu a Facebook ko makamantansa ya san inda wannan karin magana ya dosa: mu ne ke rubutawa, mu ne ke karantawa, mu ne ke sayen data, amma kuɗin talla aljihun masu kamfani yake faɗawa. Wannan ne ya sa a shekarar 2017, da na ji labarin wani dandali mai suna Steemit wanda ke biyan marubuta ladan abin da suka rubuta, ban yi wata-wata ba na buɗe asusu. Abin da na gani a can, da abin da ya biyo baya, shi nake son mu duba da mai karatu a yau.

Wasu Amurkawa biyu, Ned Scott da Dan Larimer, su ne suka kafa dandalin a shekarar 2016. An gina shi a kan fasahar da ake kira bulokcen, wato kundin ajiyar bayanai wanda kwafinsa ke warwatse a kwamfutoci masu yawa, ta yadda babu mutum guda da zai iya goge abin da aka shigar. A kowace rana wannan kundi yana ƙirƙiro sababbin sulallan kirifto masu suna STEEM, yana zuba kaso mafi tsoka a wani asusun lada. Idan ka yi rubutu, jama'a za su kaɗa masa ƙuri'a har tsawon kwana 7, sannan a fitar da ladansa a raba tsakanin marubuci da waɗanda suka zaɓe shi. A ranar 4 ga Yulin 2016 aka yi rabon farko, wanda darajarsa ta kai kimanin dala miliyan 1.3.

A idon baƙo irina, wannan gayya ce: kowa ya kawo fartanyarsa, a yi aiki tare, a ci tare. Kuma gaskiyar magana akwai rayuwa a wurin. Na ga 'yan ƙasar Benezuwela, waɗanda hauhawar farashi ta cinye darajar kuɗinsu, suna rubutu don samun na cefane. Na ga 'yan Indonisiya da Koriya ta Kudu da Filifins da 'yan Nijeriya sun kafa zaurukansu, suna karɓar sababbin zuwa, suna shirya gasa, suna tona asirin masu satar rubutun wasu. Ban taɓa ganin sharhi mai ladabi a intanet irin na wancan lokaci ba, ko da yake daga baya na gane cewa wani ɓangare na ladabin, kwaɗayin ƙuri'a ne ya haife shi.

To, ina gizo yake saƙa? Ƙuri'u ba ɗaya suke ba. Nauyin ƙuri'ar mutum ya danganta ne ga yawan sulallan da ya kulle a asusunsa, abin da suke kira Steem Power. Don haka aka raba jama'a da sunayen halittun ruwa: manyan kifaye a sama, 'yan tsaki a ƙasa. Ƙuri'ar babba guda ɗaya tana iya rinjayar ta ƙanana dubu. Bugu da ƙari, a tsarin farko, idan nauyin ƙuri'un da rubutunka ya samu ya ninka na wani sau 10, ladanka kan ninka nasa kusan sau 100. Ashe ba gayya ba ce, watanda ce, inda kowa ke ɗaukar nama gwargwadon kuɗin da ya zuba. Ita watanda ba zalunci ba ce, tunda kowa ya san sharaɗinta tun kafin a kada sa. Matsalar ita ce a sayar maka da watanda da sunan gayya.

Ba za a ce ba a yi ƙoƙarin gyara ba. A watan Yunin 2017 an sauya lissafin, ya zama lada na tafiya daidai da nauyin ƙuri'a, ba tare da ninki ba. Sai dai garin gyaran gira aka kusa rasa ido. Tunda yanzu kowace ƙuri'a tana da sanannen farashi, sai masu hali suka koma zaɓar kansu, wasu kuma suka kafa manhajojin sayar da ƙuri'a: ka tura kuɗi, na'ura ta zaɓi rubutunka ba tare da wani mahaluƙi ya karanta ba. Shafin farko ya cika da rubuce-rubucen da aka saya wa matsayi. A nan dole in amsa laifina. Bayan na gaji da ganin rubutun da na kwana a kansa ya tashi da 'yan kwabbai, ni ma na taɓa sayen ƙuri'a. Alƙaluma sun hau, amma ko mutum ɗaya bai ƙaru cikin masu karanta ni ba. Ranar na fahimci cewa kaina na yaudara.

Sai a watan Agustan 2019 aka sake zama. Aka mayar da rabo rabi da rabi tsakanin marubuci da masu zaɓe, maimakon kashi 75 da 25, aka kuma ba kowa damar kaɗa wasu ƙuri'un ƙin amincewa kyauta. Wannan ya karya kasuwar sayar da ƙuri'a ƙwarai. Amma kafin nan kasuwar kirifto ta riga ta faɗi. Sulallan STEEM da ya kai kimanin dala 8 a watan Janairun 2018 ya dawo ƙasa da rabin dala, kuma kamfanin ya sallami kashi 70 cikin 100 na ma'aikatansa a watan Nuwamban wannan shekara. Da yawa daga cikin waɗanda lada ya kawo, rashinsa ya kore su. Waɗanda suka rage su ne ainihin 'yan gari.

Babbar jarrabawa ta zo a shekarar 2020. Kundin Steem yana hannun wasu zaɓaɓɓu ne da ake kira shaidu, manyansu guda 20, kuma su ma da nauyin dukiya ake zaɓensu. A watan Fabrairu, attajirin kirifto Justin Sun, mai tsarin Tron, ya sayi kamfanin Steemit, tare da tarin sulallan da kamfanin ya haƙa tun farkon kafuwa, kimanin kashi ɗaya cikin biyar na duk abin da ke akwai. Jama'a sun daɗe da fahimtar cewa wannan dukiya ta raya dandali ce, ba ta shiga zaɓe ba. Shaidu suka tsorata, suka daskarar da ita. A farkon Maris sai manyan kasuwannin musaya uku, Binance da Huobi da Poloniex, suka yi amfani da sulallan da abokan cinikinsu suka ba su ajiya, aka tsige shaidun gaba ɗaya, aka ɗora wasu. Daga baya Binance da Huobi sun janye ƙuri'unsu, amma aikin gama ya gama.

Abin da jama'a suka yi shi ne ya fi burge ni. A ranar 20 ga Maris 2020 suka kwafi kundin baki ɗaya, da rubuce-rubucensu da asusunsu, suka yi ƙaura zuwa sabon gida mai suna Hive, suka hana dukiyar kamfanin bin su. Sai dai su ma hannunsu bai fita tas ba, domin sun hana wasu mutane kasonsu saboda kawai sun goyi bayan ɗaya ɓangaren. A watan Mayu kuma sababbin shaidun Steem suka ƙwace sulalla sama da miliyan 23 daga asusu 64. Kowane ɓangare ya taɓa dukiyar wani da sunan kare al'umma.

Abin tambaya a nan shi ne, me wannan ya koya mana? Na'ura ba ta taɓa cin ko sisin kowa ba. Ta raba abin da aka ce ta raba, a bainar jama'a. Amma riƙon amanar ma'auni daban, adalcin rabo daban. Muddin nauyin murya na bin nauyin aljihu, to ko wane irin lissafi aka kawo, lada zai gangara ne inda dukiya take. Abin da ya ɗan daidaita al'amura shi ne mutane: masu sa ido, masu neman rubutun 'yan tsaki su ɗaga shi, masu cewa a'a. Ko Hive ɗin ma ta koyi darasi, inda ta sanya wa sabuwar dukiya jiran kwana 30 kafin ta shiga zaɓen shaidu, amma har yanzu ƙuri'ar mai hali ta fi ta talaka.

Don haka, idan gobe matasanmu suka zo da labarin wani sabon dandali mai biyan lada, kada mu tsaya ga tambayar nawa ake samu. Mu tambaya: wa ke riƙe da kaso mafi girma, ta yaya ya same shi, wa zai iya sauya doka, kuma idan rigima ta tashi, za mu iya kwashe kayanmu mu fita? Ni dai da na yi waɗannan tambayoyi a 2017, da na shiga da idona a buɗe.